Ƙurar Hunturu Tana Ɗauke da Caji: Darasi ga Wayarka da Kasuwar Maigatari

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, duk mai riƙe da waya a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar yana fama da abu guda. Ka goge sikirin yanzu, kafin ka gama karanta saƙo biyu a WhatsApp ƙura ta sake kwantawa. Mai shagon caji ya share farantin solarsa da safe, kafin la'asar ya koma jiya. Galibinmu mun ɗauki wannan a matsayin ƙazanta kawai, wadda tsumma ke magani. Ra'ayina shi ne wannan fahimtar ce ke sa muna asarar kuɗi. Ƙurar hunturu tana tafe da cajin lantarki, kuma busasshiyar iskar da ke kawo ta ita ce ke sa kayanmu su riƙe nasu cajin. Wanda ya gane haka zai canza yadda yake sayen waya da inda yake kai ta gyara. Hukumomin da ke kula da yankin ciniki maras shinge na Maigatari kuwa, in suka gane, za su ga cewa akwai abin sayarwa a cikin wannan ƙura.

Daga ina ƙurar take?

Kaso mai yawa na hazon da ke rufe arewacin Najeriya yana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. Wurin gindin wani tsohon babban tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan garin ƙasa ta yo kudu maso yamma da shi. Masana sun sanya Bodele a sahun gaba cikin wuraren da suka fi fitar da ƙura a duniya. Maigatari tana bakin iyaka da jihar Damagaram ta Nijar, saboda haka tana cikin garuruwan Najeriya da wannan iska ke fara isa.

A kan hanya ƙwayoyin ƙurar suna karo da juna, suna gogar ƙasa. Duk lokacin da abubuwa biyu suka taɓa juna suka rabu, ɗaya na iya ƙwace wa ɗayan ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. Wanda ya ƙwata ya zama negatif, wanda aka ƙwace wa ya zama fozitif. Wannan shi ne lantarkin gogayya, irin wanda ke sa bargo ya yi tartsatsi da dare ko biro ya ɗauki guntun takarda bayan an goga shi a gashi. A cikin guguwar ƙura, sau da yawa ƙananan ƙwayoyi ne ke ɗaukar negatif su yi sama, manya su riƙe fozitif a ƙasa. An taɓa auna ƙarfin lantarki da ya haura bolt 100,000 a kowace mita dab da ƙasa a lokacin da iska ke kwasar rairayi.

Me ya sa da damina ba ma ganin haka? Domin idan akwai danshi a iska, wata siririyar laima da ido ba ya gani tana kwanciya a kan kowane abu, caji ya bi ta ya tsiyaye. Da tsakar rana a hunturu danshin iska a yankinmu yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Laimar ta tafi, cajin ya rasa hanyar fita, sai ya zauna a jikin roba, gilashi da yadin leda.

Yadda ƙura ke sauka daga iska mai tafiya

Tambayar da ta fi ɗaure kai ita ce ta fanka. Fukafukanta suna gudu cikin iska dare da rana, amma su ne suka fi komai tara ƙura a ɗaki. Dalili shi ne iskar da ke taɓa jikin abu ba ta motsi a kansa. Komai ƙarfin iska, akwai wata siririyar shimfiɗa dab da jikin fanka, ko sikirin, ko farantin sola, inda gudun iskar ke raguwa har ya kai sifili. Ƙwayar ƙurar da ta faɗa cikin wannan shimfiɗa ta shiga mafaka.

Girman ƙwayar ne ke nuna yadda za ta isa wurin. Ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin mutum kusan maikiron 70 ne. Manyan ƙwayoyi, daga maikiron 10 zuwa sama, nauyinsu ne ke sauke su, ko kuma su kasa shan kwana tare da iska su yi karo da abin da ke gabansu. Ƙanana ƙwarai, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin goma na maikiron ba, suna ta rawa ne cikin iska har su dace da bango. Na tsakiya kuwa ba su da nauyin faɗuwa, ba su da rawar isa bango, suna iya yawo a iska na kwanaki. A kan irin waɗannan ne caji ke yin babban tasiri. Iska mai juyi tana kawo su kusa da jikin abu, shimfiɗar nan ta rage musu gudu, jan lantarki ya ƙarasa aikin.

Jan kuma ta fuska biyu yake zuwa. Idan ƙurar ce ke da caji, da ta matso kusa da abu sai ta janyo kishiyar cajinta zuwa fuskarsa, su ja juna, ko da abin ba shi da caji tun farko. Idan kuma abin ne ke da caji, kamar murfin roba da ya sha gogayya a aljihu, yana iya jan ƙurar da ba ta da caji ko kaɗan. Da zarar ƙwayar ta zauna, ƙarfin mannewa tsakaninta da gilashi ya fi nauyinta nesa ba kusa ba. Shi ya sa hurawa da baki ke kawar da manya ta bar ƙanana.

Ga misalin da kowa ya sani. Lokacin da ake ɓare ledar bayan gilashin kariya za a manna a sikirin, ɓarewar kanta tana haifar da caji. A cikin daƙiƙoƙin nan ƙurar da ke yawo a shagon sai ta taso ta manne, ka tashi da kumfa a ƙarƙashin gilashi. Ba lallai gangancin mai mannawa ba ne. Yana aiki ne a bakin titi, fanka na kaɗawa, iska a bushe.

Amma kada a ɗora wa caji laifin da ba nasa ba. Abin da ke toshe ramin caja galibi zaren aljihu ne da kan caja ke dannawa ciki kullum. Baƙin garin da ke taruwa a bakin sifika maganaɗisun cikinta ne ke jan ƙura mai ƙarfe. A kan farantin sola ma, yawancin nauyin ƙurar faɗowa ya yi, sannan raɓa ta jiƙa shi rana ta busar ya daskare. Na kawo wannan ne domin duk wanda ya tallata maka feshi ko sitika ya ce ita kaɗai za ta raba wayarka da ƙura, ka san ya faɗi abin da kimiyya ba ta faɗa ba.

Haɗarin da ba a gani a teburin mai gyara

Ƙura a sikirin ɓacin rai ce kawai. Babbar asara tana faruwa ne idan an buɗe waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutum ba ya jin tartsatsin lantarkin gogayya sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali wasu ƙananan sassan da ke kan allon waya ƙasa da bolt 100 na iya lahanta su. Teburin da masana'antun lantarki ke koyarwa da shi ya nuna cewa tafiya a kan kafet cikin busasshiyar iska na iya tara wa mutum bolt 35,000, amma cikin iska mai danshi sosai ba ya wuce 1,500. Ma'ana, mai gyaran da ke sanye da rigar leda, zaune a kujerar roba a watan Janairu, zai iya illata waya da ɗan yatsa ba tare da shi ko mai wayar sun ji komai ba. Wani lokacin ma sashen ba ya mutuwa nan take. Rauni yake yi, bayan makonni wayar ta fara ɗaukewa, a ce batir ne.

Maganin wannan ba tsada gare shi ba: igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu mai sauke caji zuwa ƙasa, da shimfiɗar tebur mai irin wannan aiki, da akwati ko ɗan ɗaki mai rufi inda ake buɗe waya. Yawancin matasan da ke gyara a yankinmu ta hanyar zama a gaban oga suka koya, wasu a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, kuma hannunsu na da kyau. Abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin masu gyara su mayar da waɗannan kaya sharaɗin buɗe shago. Mu masu kai gyara kuma mu fara tambaya. Ranar da kwastoma goma suka ce "Oga, ina igiyar hannunka?", na sha ɗaya zai tarar da ita.

Lambar da ya kamata ka duba kafin ka biya kuɗi

Idan za mu sayi waya muna tambayar kamara, girman ma'adana da ƙarfin batir. Idan aka zo kan lambar IP, hankalinmu yakan tafi ga ruwa, alhali mu da ke wata bakwai ko takwas ba ruwan sama lambar farko ce ta fi shafarmu. A ma'aunin IEC 60529, lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Lamba 5 na nufin ƙura na iya shiga kaɗan amma ba za ta hana aiki ba. Lamba 6 na nufin ba ta shiga. Harafin X a gurbin farko, kamar IPX4, na nufin ba a ba da wani alkawari kan ƙura ba. Wayar da ke da IP64 ta fi mai IP54 dacewa da ɗan Gumel, ko da kamararsu ɗaya.

Sai dai lambar ma tana da iyaka. Ana yin gwajin ne da hodar talkum a cikin akwati, a kan sabuwar waya, na tsawon da bai wuce sa'o'i 8 ba. Yanayin da ma'aunin ya tanada domin gwaji shi ne zafin digiri 15 zuwa 35 da danshin kashi 25 zuwa 75. Hunturunmu ya fi haka bushewa, bazararmu kuma tana haura digiri 40. Ga shi da zarar an buɗe waya sau ɗaya an canza sikirin, gam ɗin da ke toshe gefenta ba ya komawa kamar na kamfani sai an sa sabo da kyau. Ashe dai kayan da ke hannunmu ba a gwada su a yanayi irin namu ba.

A gida, ƙananan abubuwa na rage matsalar. A goge sikirin da lallausan ƙyalle mai ɗan danshi, domin busasshen tsumma yana jan tsakuwa ya karce gilashi, ya kuma ƙara masa caji. A manna gilashin kariya a rufaffen ɗaki, an kashe fanka, an yayyafa ruwa a ƙasa. Kada a hura iska mai ƙarfi cikin ramin caja ko makirfo. Kamfanin Apple ma ya hana yin haka ga iPhone. Farantin sola a wanke shi da sassafe kafin ya yi zafi. Yankinmu yana kusan digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa ake kafa farantin kusan a kwance, kuma farantin da ke kwance ya fi riƙe ƙura. Masu sayen ƙananan na'urorin tsabtace iska da ke watsa caji a ɗaki su ma su sani: na'urar ba ta ɓatar da ƙura, caji take sa mata ta manne a bango, labule da talabijin, wasunsu kuma suna fitar da iskar ozon mai cutar da huhu.

Wasu sun riga sun sa cajin yana musu aiki

Ƙarfin da ke manna ƙura shi ne kuma ke iya kama ta ko korar ta. A 1907 Frederick Cottrell na Amurka ya nemi rajistar na'urar da ke sa wa hayaƙin masana'anta caji, faranti masu kishiyar caji su kama shi, kuma har yau masana'antun siminti da tashoshin wuta na amfani da ita. Takunkumin N95 da aka sani lokacin korona zarensa na ɗauke da caji na dindindin, shi ke kama ƙananan ƙwayoyin da za su iya wucewa.

A sararin samaniya ma ƙura ta yi ɓarna. Na'urar InSight ta hukumar NASA ta daina aiki a duniyar Mars a Disambar 2022 bayan ƙura ta rufe farantan solarta. A Maris 2025 hukumar ta gwada wata garkuwar lantarki mai kore ƙura daga gilashi a kan wata, a jikin kumbon Blue Ghost, kuma ta yi aiki. A 2022 Sreedath Panat da Kripa Varanasi na jami'ar MIT sun wallafa hanyar share farantin sola ba ruwa ba buroshi: a sa wa ƙurar caji, ta yi tsalle ta bar gilashin. Sun nuna cewa ƙurar wata guda na iya rage wutar da faranti ke bayarwa da kusan kashi 30 cikin 100. Amma hanyar tasu ta fi aiki idan danshin iska ya haura kashi 30. Shin za ta yi aiki a Maigatari a watan Fabrairu, ko sai da asuba kaɗai? Amsar wannan tambaya a Maigatari take, ba a ɗakin gwajin Amurka ba.

Abin da Maigatari za ta iya sayarwa

An kafa yankin ciniki maras shinge na Maigatari ne a zamanin Gwamna Saminu Turaki, ƙarƙashin dokar hukumar NEPZA, da burin jawo masana'antu da cinikin ƙetare. Garin ya riga ya yi suna da kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis. Amma dogaro da iyaka kaɗai ya nuna rauninsa. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka buɗe Maigatari tare da Seme, Illela da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Duk lokacin da aka sa sarƙa a ƙofar, ciniki ya tsaya. Hunturu kuwa ba ya neman izinin kwastan.

Shawarata ita ce a ware fili a cikin yankin a mayar da shi filin gwajin kayan lantarki a ƙura da zafi: farantan sola, batura, inbata, fitilun titi, na'urorin POS, wayoyi da famfunan burtsatse masu aiki da sola. Wannan ba mafarki ba ne. Ƙaramin garin Arjeplog da ke arewacin Suwidin yana cin abinci da sanyinsa, domin duk hunturu kamfanonin motoci na duniya suna kai sababbin motoci can su gwada a kan ƙanƙara. Maroko ta buɗe cibiyar Green Energy Park a Benguerir a 2017 domin gwada fasahar sola a yanayin zafi da ƙura. Dokar yankin ciniki ta ba da damar shigo da kaya ba haraji, abin da kamfanin da ke son kawo samfurin gwaji ke buƙata ke nan.

Za a ce wurin da ke neman wuta da masu zuba jari, ina shi ina ɗakin bincike? Tambaya ce mai kyau, amma filin gwaji ya fi masana'anta sauƙin farawa. Abin da yake buƙata shi ne shinge, tsaro, na'urorin auna iska, danshi da ƙura, intanet, da mutanen da za su riƙa rubuta sakamako kullum ba fashi. Wutarsa daga farantan da ake gwadawa za ta fito. Ma'aikatan kuma suna nan: ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure suna neman inda za su yi aikin bincike mai ma'ana. Hukumar NiMet tana fitar da gargaɗin hazo duk shekara, tana da ƙwarewar auna yanayi. Hukumar NCC ke amincewa da samfurin waya kafin a sayar a ƙasar nan, SON kuma ke kula da ingancin kaya. In da bayanan gwaji na gida a hannunsu, za su iya cewa kayan da za a kawo arewa su cika sharaɗin ƙura.

Akwai kuma gargaɗi a cikin wannan magana. Duk wanda ke burin ganin an harhaɗa waya ko kwamfuta a Maigatari ko a filin masana'antu na Gagarawa, ya sani masana'antar lantarki tana buƙatar rufaffen ɗaki mai tace iska, da danshi da ake sarrafawa, da daɓe mai sauke caji. Gini na buɗaɗɗen sito ba zai yi ba. Mai zuba jari zai tambayi adadin ƙurar da ke sauka a wata da yadda danshi ke faɗuwa, kuma wanda ke da amsa a rubuce shi ke samun masana'anta.

Gwamnatin Jigawa za ta iya farawa da abin da ke hannunta. Duk kwangilar fitilun titi ko burtsatsen sola a Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a rubuta lambar kariyar ƙura a cikinta, a kuma sa kuɗin wanke faranti na watannin hunturu. Mu kuma matasa namu ya fi sauƙi. Kafin hunturu mai zuwa ka duba lambar farko ta IP a kwalin wayar da za ka saya, ka tambayi mai gyara igiyar hannunsa kafin ya kwance maka waya, ka kuma tambayi ɗan majalisarka me aka tanada a yankin ciniki na Maigatari wanda ba zai tsaya ba ranar da aka sake rufe iyaka.